Ƙaramar Okid Ta Fara Langaɓewa: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Renonta a Kaduna

Yawancinmu ba da kuɗinmu muka fara mallakar okid, wato wata fulawar ado ta cikin gida, ba. Tsaraba ce daga Abuja ko Legas, ko kyautar da aka kawo wa amarya, ko aka miƙa wa mai jego. Takan zo a 'yar tukunya da ba ta fi kofin shayi ba, furanninta jere a kan siririn kara, ta yi wata biyu tana ƙawata falo, daga nan sai ta fara sauya kama. Tun da 'yan uwa da maƙwabta suka san ina da su a tagar ɗakina, tambayoyin nan ne suke ta maimaituwa. Na rubuta su yadda ake yi mini su.

Wace irin shuka ce wannan, da ba ta jin kulawar da nake yi wa sauran fulawoyina?

Kusan duk ƙananan okid da ake bayarwa kyauta 'yan gidan Phalaenopsis ne. Wani masanin tsirrai mai suna Carl Blume ne ya raɗa musu sunan a 1825, daga kalmomin Girkanci masu nufin "mai kama da malam-buɗe-littafi na dare", saboda yadda furen yake baje fukafukai. Asalinsu dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Filifin da Indunusiya da Taiwan. Ƙananan da muke gani kuwa, da yawansu jikokin wata mai suna Phalaenopsis equestris ne, wadda dama can ƙarama ce. Ke nan ba jaririya ba ce da za ta girma ta zama ƙatuwa, haka jininta yake.

Abin da ya kamata ya zauna a rai shi ne, a dajinsu ba a ƙasa take tsirowa ba. A jikin reshen bishiya take maƙalewa, saiwoyinta a fili, ruwan sama ya jiƙa su, iska ta busar da su kafin yamma. Wanda ya san kauci a kan kaɗanya ko ɗorawa zai ce ai irinsa ce, amma akwai bambanci: kauci tsotson bishiyar yake yi, ita kuwa okid wurin zama kawai take nema. Saiwarta a lulluɓe take da wata fata mai kama da soso, mai shan ruwa nan take, mai kuma buƙatar ta sha iska bayan nan. Duk sauran amsoshin da ke ƙasa daga wannan suka samo tushe. Mu ma a Najeriya muna da namu na daji, kamar Ansellia africana mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo irin na damisa, domin dangin okid sun kai kusan iri 28,000 a duniya.

Furannin sun zube gaba ɗaya. Ta mutu ke nan?

Ko kusa. Furen yakan yi wata biyu zuwa uku, sannan ya kaɗe, kamar yadda mangwaro yake gama 'ya'ya ya tsaya da ganyensa. Rai yana wajen ganye da saiwa. Idan karan furen ya bushe ya koma ruwan ƙasa, a yanke shi daga gindi. Idan yana nan kore kuma shukar lafiyarta lau, ana iya yankewa a saman gaɓa ta biyu ko ta uku daga ƙasa, wani lokacin takan fitar da reshe daga nan. Amma shukar da take fama da kanta, ni ban yarda a bar mata kara ba. A cire shi duka, ƙarfin ya koma ga saiwa.

Anti, ganyen ya yi laushi ya yanƙwane kamar mai jin ƙishirwa, alhali kullum sai na ba ta ruwa. Me ke faruwa?

Ƙanwata, ƙishirwar take ji da gaske, sai dai ba don rashin ruwa a tukunya ba. Saiwoyin da za su ɗauki ruwan ne suka ruɓe. Masu renonta a gonakin kasuwanci sukan cusa ta cikin wata irin gansakuka da aka danne tam, domin ta jure doguwar tafiya ba tare da ban ruwa ba. Saman gansakukar yakan bushe ki taɓa ki ji ƙamas, alhali tsakiya jagab yake. Kina ƙara ruwa, saiwa tana shaƙewa, ganye yana ƙara yanƙwanewa, ke kuma tausayi ya sa ki ƙara wani ruwan. Sau da yawa kuma 'yar robar da take ciki an zura ta ne a wata tukunyar ado marar huji, ruwa ya taru a gindi ba wanda ya gani.

Haka na rasa tawa ta farko, a cikin marka. Ganyenta huɗu sun kwanta kamar kunnen akuya, ina ta ba ta ruwa safe da yamma. Ranar da na zaro ta, warin ruɓa ne ya fara dukan hancina, na ja saiwa ɗaya sai fatar ta zame a hannuna kamar dafaffiyar taliya, ya rage wani zare siriri a tsakiya. Har yau ina jin zafin abin, don da na duba mako biyu kafin nan da ta rayu.

Akwai kuma akasin haka, wato bushewa ta gaske, wadda ta fi faruwa a hunturu. Ganyen iri ɗaya yake nunawa a duka biyun, shi ya sa ba a yanke hukunci da ganye. A zaro ta a dubi saiwa, kamar yadda amsa ta gaba ta bayyana.

Yaya zan bambance saiwa mai rai da matacciya?

Da ido da yatsa. Mai rai tana da tauri idan an matsa ta. In ta bushe launinta toka-toka ne kamar azurfa, in an jiƙa ta sai ta koma kore shar cikin daƙiƙoƙi. Wadda take cikin girma za a ga bakinta kore ko ja-ja yana sheƙi. Kada a ruɗu da fara ko rawaya mai tauri da ke can tsakiyar tukunya, haske ne kawai ba ta samu ba, lafiyarta ƙalau. Matacciya ita ce baƙa ko ruwan ƙasa mai luguf-luguf, ko kuma busasshiya fayau kamar kara, in an matsa ta lotse ba komai a ciki. Idan ana shakka, a jiƙa saiwoyin minti 15 tukuna. Wasu da ake zaton sun mutu sukan kumbura su dawo.

Saiwoyin da suke fitowa sama suna yawo a iska ba ciwo ba ne. Kada a yanke su, kada kuma a tura su cikin tukunya da ƙarfi.

Na zaro ta na ga ruɓa. Ta ina zan fara?

A jiƙa dunƙulen a ruwa mai ɗan ɗumi har gansakukar ta saki, sannan a tsince ta da yatsu sannu a hankali. A kula da can ƙarƙashin gindi, galibi akwai wani ɗan toshe mai kama da soso da aka rene ta a ciki tun tana ƙarama. Nan ne ruɓa ta fi farawa, a fitar da shi duka. A goge almakashi ko sabuwar reza da sifirit, ko a gasa bakin a wuta ya huce, a yanke duk abin da ya mutu har a kai wurin da yake da tauri. Saiwar da rabinta ya ruɓe rabi yana da rai, a bar mata mai ran.

Daga nan a ɗora ta a kan tsumma mai tsabta a inuwa, ta sha iska na wasu sa'o'i ko ta kwana, bakin yankan ya kame. Garin kirfa yana da amfani a kan yankan kara ko na ganye domin yana busar da wurin, amma kada a barbaɗa shi a kan saiwa, busar da ita zai yi ita ma. Sai a dasa ta a sabon mazauni, gindin ganyen ƙasa yana daidai da saman abin da aka zuba, ba a binne ba. Idan tana rawa, a kafa tsinken tsire a ɗaure ta, domin sabuwar saiwa ba ta son girgiza. A jira kwana biyu ko uku kafin ban ruwa na farko. Wadda ba ta da sauran saiwa ko ɗaya, akwai tata amsar a ƙasa.

Tunda ba a sa mata ƙasa, me zan zuba a tukunyar?

A ƙasashen waje ɓawon itacen fir ko na fayin suke saya a leda. Mu nan abin da ke hannunmu ya wadatar: ɓawon kwakwa na waje mai zare-zare, gawayi, da tsingaron tukunyar ƙasa. Kwakwa takan iso Kaduna a feɗe, don haka sai an roƙi mai sayarwa ya ajiye ɓawon in ya samu mai riga. A yayyanka shi kamar girman gyaɗa mai ɓawo, a jiƙa kwana uku zuwa biyar ana sauya ruwa kullum, har jan ruwan ya daina fita, saboda yakan zo da gishiri a jikinsa. Gawayin kuma sabo ne wanda bai shiga murhu ba, a farfasa a wanke. Toka kam kada ta kusanci saiwa. Ni nakan haɗa kashi biyu na kwakwa, ɗaya na gawayi, in shimfiɗa tsingaro a ƙasa.

Tukunya ƙarama ce daidai saiwa, faɗin santimita 6 zuwa 8 ya isa. Babbar tukunya tana riƙe laima fiye da abin da 'yar shukar za ta iya sha. Kofin roba mai garai-garai, irin na biki, ya fi mini komai: in ɗora ƙusa a wuta in huda gindinsa da gefunansa wuri goma ko fiye, ina ganin saiwa ba sai na tono ba. A sabunta abin da ke ciki bayan shekara ɗaya zuwa biyu, ko da zarar ya fara rududdugewa.

To sau nawa zan ba ta ruwa a mako?

Wannan ce tambayar da aka fi yi mini, ita ce kuma ba ta da lamba ɗaya, domin Kaduna gari biyu ne a shekara. Daga Yuli zuwa Satumba iska a jiƙe take, wanki ma yakan kwana biyu bai bushe ba, tukunyar okid tana iya kai kwana 10 da laimarta. Daga Disamba zuwa Maris kuwa, wannan tukunyar dai tana iya bushewa ƙaƙas cikin kwana 3. Wanda ya ɗaure kansa da "kowace Juma'a" zai ruɓar da ita a damina, ya ƙona ta a rani. Saiwa ce agogo: tana kore, a ƙyale ta; ta koma azurfa, kofin ya yi sakayau a hannu, ba raɓa a jikin robar, lokaci ya yi.

Yadda ake bayarwa: da safe, a tsoma kofin a kwano mai ruwa iya bakin abin da aka zuba, minti 10 zuwa 15, a ɗaga ya tsane sarai kafin a mayar. Kada ruwa ya kwanta a ƙoƙon tsakiya inda sabon ganye yake fitowa. In ya shiga, a murɗa tishu a tsane shi, dalilin yana cikin amsar rawayar ganye.

Ruwan sama ya fi kowane, sai dai a bar na farkon damina ya wanke kwanon rufi tukuna. Ruwan famfo a tara shi ya kwana. Ruwan rijiya ko na burtsatse da yake barin farin dafi a gindin buta, shi ma zai bar shi a saiwa, sai a riƙa ɗauraye tukunyar da ruwan sama ko na leda lokaci-lokaci. Shawarar nan ta ɗora ƙanƙara a kan tukunya kuwa, ban ba kowa ita ba. Shukar ƙasar zafi ce, kuma 'yar ƙarama saiwarta a sama take, ƙanƙarar a kanta za ta narke.

A ina ya fi dacewa in ajiye ta a cikin gida?

Kusa da tagar gabas, inda hasken safe yake shigowa ta bayan labule mai shara-shara. Ranar Kaduna ta tsakar rana ko ta la'asar, musamman a Maris da Afrilu da zafi yake haura digiri 35, tana iya ƙona ganye cikin awa guda, ya yi farin tabo daga baya ya baƙanta. Tabon ba ya warkewa, amma in ya bushe bai yaɗu ba a bar ganyen, yana aiki. Teburin tsakiyar falo mai labule masu kauri kuma duhu ne a wajenta, ganye zai yi kore mai duhu, fure ba zai zo ba. Gwaji mai sauƙi: a sa hannu tsakanin taga da ganyen, inuwa mai laushi ake so, ba mai kaifi ba.

Ta fi sakewa tsakanin digiri 18 da 29. A bazara a matsar da ita ɗaki mafi sanyi, a bar fanka tana kaɗa iska a ɗakin ba a kanta kai tsaye ba. Kada a ajiye ta a saitin na'urar sanyaya ɗaki, ko kan firji, ko kan talabijin.

Hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari. Akwai abin da zan sauya?

Akwai. Tana son laimar iska ta kai kashi 50 zuwa 70 cikin 100, hunturunmu kuwa yakan sauke ta ƙasa da haka nesa, irin bushewar da take fasa leɓe da dunduniya. A samu faranti a zuba tsakuwa da ruwa, a ɗora kofin a kan tsakuwar yadda gindinsa ba zai taɓa ruwan ba. A tara shuke-shuke wuri ɗaya. Mai randa a ɗaki ya ajiye ta a gefenta, tawa mafi ƙoshin lafiya nan take zaune, tana shan sanyin da jikin randar yake fitarwa. Sau ɗaya a mako a goge ganye sama da ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, domin ƙura tana tare haske, kuma ta ƙananan ƙofofin ganyen take numfashi, yawanci da dare. Man zaitun ko madara da wasu suke shafawa don sheƙi, toshe su yake yi.

Ganye ya yi rawaya. In damu?

Ya danganta da wane ganye. Na can ƙasa, guda ɗaya, yana rawaya a hankali har ya faɗi da kansa, tsufa ne, kada a fizge shi. Biyu ko uku a lokaci guda, a koma ga amsar duba saiwa. Wanda yake tayar mini da hankali shi ne na sama, sabon, in gindinsa ya yi baƙi ya jiƙe, aka taɓa ya zare. Wannan ruɓar ƙoƙon tsakiya ce, ruwan da ya kwana a wurin ne yake jawo ta, kuma ta nan kaɗai shukar take ƙara tsawo. A cire ruɓaɓɓen, a tsane, a zuba kirfa, a daina jiƙa saman sam. In saiwoyin suna da rai a ci gaba da kula da su, wani lokacin takan fitar da 'ya daga gefen gindi bayan watanni.

Ba sauran saiwa ko ɗaya, ganye biyu ne kawai. In jefar?

Muddin tsakiyar tana da tauri, da sauran fata. A zuba jiƙaƙƙen ɓawon kwakwa da aka matse a gindin babban kofi ko kwalba mai faɗin baki, a ɗora shukar a sama yadda gindinta yana dab da laimar ba ya nutse a ciki, a rufa leda mai 'yan huji sama-sama, a ajiye a wuri mai haske ba rana. Kullum a buɗe na ɗan lokaci ta sha iska, in an ga fumfuna a goge a rage laima. Sabuwar saiwa takan ɓullo kamar ɗan ƙurji kore a gindin ganye, amma sai an yi wata ɗaya zuwa uku ana jira, kuma sannu ba ta hana zuwa. In saiwoyi biyu ko uku sun kai tsawon gaɓar yatsa biyu, a dasa ta yadda aka faɗa a sama. Tsofaffin ganyen da suka yanƙwane ba lalle su miƙe ba, sabon ganye ne shaidar ta farfaɗo.

Ina ganin wani farin abu kamar auduga a lungun ganye, ga kuma danƙo.

Ƙwari ne masu tsotson ruwan shuka, danƙon kuma irin darɓar nan ce da take jawo kiyashi. A tsoma auduga a sifirit a bi su ɗaya bayan ɗaya, har ƙarƙashin ganye da bayan fure, a maimaita duk mako har sau uku ko huɗu saboda ƙwayayensu. Haka ake yi wa masu kama da ɗan ƙoƙo ruwan ƙasa da suke manne wa ganye. A rani kuma akwai wasu mitsi-mitsi dangin gizo-gizo da suke sa bayan ganye ya yi fari-fari, gogewa da ruwa mai ɗigon sabulu tana rage su. A ware mai ciwon daga sauran. Maganin sauro na fesawa ba na shuka ba ne, yana ƙona ganye.

Wane taki zan sa mata ta yi ƙarfi?

Mai ruɓaɓɓiyar saiwa ba a ba ta taki, sai sabuwa ta fito. Bayan nan, takin ruwa na fulawa, rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwalbar, duk mako biyu, kuma bayan an riga an jiƙa saiwar. Sau ɗaya a wata a ɗauraye da zallan ruwa. Takin zamani na gona mai ƙwaya, kashin kaji, kashin shanu, duk sun fi ƙarfinta. Ruwan shinkafa da ɓawon ayaba da ake yawan yabawa, abin da na gani suna kawowa a irin zafinmu shi ne tsami da fumfuna da ƙananan ƙudaje.

Ƙullin furanni suna bushewa su faɗi tun ba su buɗe ba. Me ya jawo?

Sauyin wuri kwatsam, busasshiyar iska, ko ƙishirwa. Akwai kuma wata iska da ake kira etilin, wadda ayaba da mangwaro da tumatir suke fitarwa in suna nuna, ana kuma samunta a hayaƙi. Ita take tsofar da fure da wuri. Don haka a raba ta da kwandon kayan marmari, da tagar da janareta yake bayanta, da kicin. Hajiya, har da kaskon turaren wuta: in za a turara ɗaki, a fitar da ita tukuna, a mayar bayan hayaƙin ya washe.

Ta warke, ta yi sabon ganye. Yaushe za ta sake fure?

A nan Kaduna ta yi mana gata. Abin da yake tayar da karan fure shi ne 'yan makonni na sanyi-sanyi, dare yana sauka wajen digiri 15 zuwa 18, kuma daren Disamba da Janairu haka yake ba mu kyauta. A bar ta kusa da taga a lokacin, amma ba a bakin iskar da take busowa kai tsaye ba, kuma a daren da ɗari ya tsananta a ja ta ciki. Shukar da ta sha jinya takan tsallake shekara guda, ganye ɗaya ko biyu dama take yi a shekara, sai ta tara uku ko huɗu masu ƙarfi.

Karan yana fitowa ne daga tsakanin ganyaye. Da farko yakan yi kama da saiwa, amma bakin saiwa a mulmule yake, na kara kuwa a ɗan baje yake kamar hannun da aka haɗe yatsunsa, kuma sama yake nufa wajen haske. Daga ɓullowarsa zuwa buɗewar fure na farko kusan wata uku ne, wato furen zai iske zafin bazara, sai a nema mata wuri mafi sanyi a gidan don ya daɗe. Da zarar ƙullin sun jeru, kada a riƙa juya kofin, a yi masa alama da biro a gefen da yake kallon taga, bayan kowane ban ruwa a mayar da shi yadda yake.